Kafin ka kai ta fomatin, tambayi kwamfutarka adireshinta

Filinmu na fasaha a wannan fitowa zai tsaya kan wata matsala da kusan duk mai laftof ya taɓa cin karo da ita. Kwamfuta ta kama waifai, alama ta nuna ta haɗu, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, alhali wayoyin da ke ɗakin duk suna ta aiki a kan wannan waifai ɗin.

A hutun da ya wuce ina gida Kafin Hausa abin ya faru da yayana. Ya dawo ke nan daga SIWES da ya yi a wani ofis a Kano. Ranar ce ta ƙarshe ta cike fom ɗin wani tallafin karatu, ƙarfe 12 na dare za a rufe shafin, kuma duk takardunsa suna cikin laftof. Da rana ya kai ta wurin wani mai gyara, aka danna nan aka danna can, aka ce masa sai an yi mata fomatin. Ga rahoton SIWES ɗinsa a ciki, bai ajiye kwafi a ko'ina ba.

Bayan sallar isha'i na ce, “Yaya, don Allah ba ni ita minti biyar kafin ka bari a goge.”

Ya ce, “Kai da ka shiga ND jiya-jiya? Mai shago guda ya kasa.”

Na ce, “Ai ba abin da zan taɓa, tambayarta kawai zan yi.”

Umarni ɗaya na rubuta. Sai ga shi kwamfutar tana riƙe da adireshin 192.168.1.45, alhali MiFi ɗin gidanmu adireshin da ya fara da 192.168.8 yake rabawa. A ofishin can wani ya sa mata adireshi da hannu don ta riƙa aika aiki ga firintarsu, ta taho da shi har gida. Na mayar da ita kan karɓar adireshi da kanta, shafi ya buɗe, Yaya ya cike fom ɗinsa tun kafin ƙarfe 10. Hausawa suka ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Darasin yau ke nan: adireshin da kwamfutarka ta samu, ko ta kasa samu, shi zai nuna maka inda ciwon yake.

Katin sadarwa da adireshinsa biyu

Kowace kwamfuta tana da katin sadarwa, wato ɗan sashen da ke haɗa ta da sauran na'urori. Laftof da yawa suna da guda biyu: na waifai, da na kebul mai rami a gefe. Kowane kati yana zuwa da lambarsa tun daga kamfani, ana ce mata adireshin MAC, mai alamomi 12 na lambobi da haruffa. Wannan kamar sunan yanka ne. To amma suna kaɗai ba ya kai wasiƙa gida. Kafin kwamfuta ta yi magana da intanet sai ta samu adireshin IP, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane kashi daga 0 zuwa 255, misali 192.168.8.101.

Adireshin da ake amfani da su a cikin gida an keɓe su tun 1994: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 zuwa 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Shi ya sa za ka ga gidanku a Kafin Hausa da wani gida a Bulangu ko Auyo suna amfani da lamba iri ɗaya ba tare da rikici ba, domin lambar ba ta fita waje. Rauta ce ke wakiltar kowa in za a fita intanet.

Wa ke raba adireshi?

Da a ce da hannu ake sa wa kowace waya da kwamfuta adireshi, da an sha wahala. Tsarin da ya ɗauke mana wannan aiki shi ne DHCP. An fitar da shi a 1993, aka sabunta shi a 1997 cikin takardar da ake kira RFC 2131, wadda Ralph Droms ya rubuta. Kafinsa akwai wani tsari mai suna BOOTP tun 1985. A gida, mai rabon yana cikin rauta, ko MiFi, ko wayar da ka kunna wa hotsifot.

Ka ɗauke shi kamar rabon gado a hostel. Sabon ɗalibi ya iso bai san kowa ba, sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya, “Wa ke ba da gado a nan?” Jami'in rabo ya ce, “Ga gado mai lamba 101.” Ɗalibi ya ce, “Na karɓa, a rubuta min shi.” Jami'i ya rubuta a littafi ya ce, “An rubuta, naka ne zuwa lokaci kaza.” Saƙo huɗu ke nan: nema, tayi, roƙo, tabbatarwa. A littattafan Turanci Discover, Offer, Request da Acknowledge ake kiransu, a taƙaice DORA. 'Yan sashen kwamfuta ku riƙe wannan, yana fitowa a jarrabawa, haɗe da cewa saƙonnin suna bin UDP ne, mai rabo a ƙofa ta 67, mai nema a ƙofa ta 68.

Abu huɗu mai rabo ke miƙa wa kwamfuta a lokaci guda: adireshinta, iyakar unguwar da take ciki, ƙofar fita wato adireshin rautar kanta, da kuma adireshin DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Kuma aro ne, yana da wa'adi. Rautoci da yawa awa 24 suke bayarwa, wasu awa 2. Idan rabin wa'adin ya wuce, kwamfuta za ta nemi a sabunta mata. In ba a amsa ba ta ci gaba da jira, da an ci kashi 87.5 cikin 100 na wa'adin sai ta yi shela ga duk mai rabon da ke kusa. In wa'adi ya cika babu amsa, dole ta saki adireshin.

Mataki na farko: yi mata tambaya

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da ya fito ka rubuta:

ipconfig /all

Rubutu zai zubo da yawa, kar ya tsorata ka. Nemi sashen katin da kake amfani da shi. In waifai ne za ka ga “Wireless LAN adapter Wi-Fi”, in kebul ne “Ethernet adapter”. Layi huɗu kawai za ka karanta: “DHCP Enabled”, “IPv4 Address”, “Default Gateway” da “DNS Servers”. Daga nan ɗauki wayar da ke aiki a kan waifai ɗin, shiga bayanan waifai ka ga adireshin da ita ta samu. Da shi za ka auna na kwamfutar. Yawancin MiFi na Huawei 192.168.8.1 ne adireshinsu, rautoci da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, hotsifot na iPhone kuma 172.20.10.1. Abin da za ka gani ba zai wuce ɗaya daga cikin huɗu ba.

Na ɗaya: “Media disconnected”

Wannan yana nufin katin bai ma haɗu da komai ba, ba a zo maganar adireshi ba tukuna. In waifai ne, duba ko an kashe shi da maɓallin Fn, ko kwamfutar tana yanayin jirgin sama, ko an canza kalmar sirri. Tsofaffin laftof na hannu da muke saya wasunsu suna da ɗan makunni a gefe, jaka ma tana iya ture shi. In kebul ne, duba ƙananan fitilun da ke bakin ramin. In ba su kama ba, canza kebul, ko ka canza rami a jikin rauta. Sau da yawa ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul ne ya karye, kebul ɗin yana ciki amma bai zauna ba.

Na biyu: adireshin da ya fara da 169.254

Wannan ne ainihin alamar cewa rabo bai yiwu ba. Kwamfuta ta yi shela ba wanda ya amsa, sai ta zaɓar wa kanta lamba daga wani rukuni da aka keɓe don irin wannan hali. Windows tana yin haka tun zamanin Windows 98, sunan tsarin APIPA. Kamar ɗalibin da bai samu gado ba ne ya shimfiɗa tabarma a baranda ya rubuta wa kansa lamba da alli. Za ka lura layin “Default Gateway” babu komai, don haka ba ta da hanyar fita.

Fara da sake nema. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

ipconfig /release
ipconfig /renew

In adireshi mai kyau ya fito, shi ke nan. In ta daɗe tana jira sannan ta ce “unable to contact your DHCP server”, to sai a koma kan mai rabo. Kashe rautar ko MiFi ɗin, jira kamar daƙiƙa 30, kunna, ka bari fitilunta su daidaita kafin ka sake gwadawa.

In har yanzu shiru, wataƙila gadajen ne suka ƙare. Kowace rauta tana da adadin adireshin da aka ce ta raba. A gidan haya na ɗalibai, inda kalmar sirri ke yawo daga ɗaki zuwa ɗaki har maƙwabta, adadin yana iya cika. Wanda ya tafi ma adireshinsa yana nan a rubuce har wa'adi ya cika. Wani ƙarin abu, tun daga Android 10 wayoyi suna amfani da MAC na bogi don sirri, kuma in lambar ta sauya, rauta tana ɗaukar wayar a matsayin sabon baƙo. Daga wayar da ke aiki, rubuta adireshin rautar a burauza, shiga da bayanan da ke rubuce a bayanta ko ƙarƙashin batirinta, ka nemi sashen DHCP. Tabbatar a kunne yake, duba yawan na'urorin da ke ciki, faɗaɗa adadin in ya yi kaɗan, sannan ka canza kalmar sirri. Duba kuma ko an kunna tace MAC, domin wani lokaci mai gida ya toshe wata na'ura ya manta.

Na uku: adireshin wani gida

Irin na yayana ke nan. Akwai adireshi, amma kashi ukun farko ba su yi daidai da na wayar da ke aiki ba. Kalli layin “DHCP Enabled”. In ka ga “No”, an sa adireshin da hannu ne, kwamfutar ba ta ma tambayar kowa. Wannan yana yawan faruwa da laftof ɗin da ta yi aiki a ofis, ko kafe, ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta.

Gyaran ba wuya. Danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl. Danna katinka da maɓallin dama na linzami, zaɓi “Properties”, danna sau biyu a kan “Internet Protocol Version 4”. Kafin ka canza komai, ɗauki hoton lambobin da ke wurin da wayarka, domin in kwamfutar ta ofis ce za a buƙace su. Sannan ka zaɓi “Obtain an IP address automatically” da “Obtain DNS server address automatically”, ka danna OK.

In kuwa layin ya ce “Yes” amma adireshin baƙo ne, to masu rabo biyu ne a gidan. Yana faruwa idan aka jawo kebul daga rauta ɗaya zuwa ta biyu don waifai ya kai ɗakunan baya, aka bar rabon adireshi a kunne a dukansu. Wadda ta riga amsawa ita kwamfuta ke bi, shi ya sa yau intanet ya yi, gobe ya ƙi. Layin “DHCP Server” zai nuna maka wadda ta ba ka. Magani shi ne a kashe DHCP a rauta ta biyu, a bar rabo a hannun guda.

Akwai ɗan'uwan wannan matsala, wato na'ura biyu su riƙe adireshi ɗaya, kamar ɗalibi biyu a gado guda. Windows takan nuna gargaɗin rikicin adireshi, ko ka ga kalmar “Duplicate” a gaban lambar. Galibi wani ne ya sa wa firinta ko kwamfutarsa lamba da hannu daga cikin waɗanda rauta ke rabawa. In dole sai an sa da hannu, a zaɓi lambar da ke wajen adadin rabo.

Na huɗu: adireshi daidai, amma babu intanet

A nan DHCP ya gama aikinsa, kar ka ɓata lokaci a kansa. Bi hanyar daki-daki da umarnin ping. Fara da adireshin rautarka, misali:

ping 192.168.8.1

In amsa ta dawo, tsakaninka da rauta lafiya lau. Sai ka gwada ping 8.8.8.8, wanda adireshin DNS ne na Google. In wannan ya ƙi, matsalar tana tsakanin rauta da kamfanin layi: data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, ko layin bai zauna daidai ba. In ya amsa amma ping google.com ya ƙi, to fassarar suna ce ta tsaya. Rubuta ipconfig /flushdns, in bai yi ba ka sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a gurbin DNS a wancan shafi da muka buɗe ɗazu. In duka sun amsa amma burauza tana ta kukan rashin tsaro, kalli kwanan wata da agogon kwamfutar. Tsohuwar laftof da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan koma shekarun baya, shafuka kuma su ƙi yarda da ita. Duba kuma ko an bar VPN ko furoksi a kunne.

In laifin na kwamfutar ne

Yaya za ka tabbatar? Kunna hotsifot a wata waya ka haɗa laftof ɗin. In ta samu adireshi a can, rautar gida ce ke da matsala. In can ma 169.254 ta nuna, to ciwon yana jikinta. Abu uku za ka duba.

Na farko, rubuta services.msc ka nemi “DHCP Client”. Dole ya nuna yana gudana, kuma yana tashi da kansa. Wasu manhajojin da ake cewa suna ƙara wa kwamfuta sauri sukan kashe shi.

Na biyu, rubuta devmgmt.msc ka buɗe “Network adapters”. In ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a kan katin, direbansa ne ya lalace, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta fahimci katin. Kashe katin ka sake kunnawa. In bai yi ba, cire shi ka sake tayar da kwamfutar, amma kar ka sa alama a akwatin goge direba sai in kana da wani a filashi.

Na uku, buɗe cmd a matsayin mai gudanarwa ka rubuta netsh winsock reset, sannan netsh int ip reset, ka sake tayar da kwamfutar. Wannan yana mayar da saitin sadarwa yadda ya zo, ba ya taɓa fayil ɗinka ko ɗaya. Wani lokacin kuma manhajar kashe bairos da wa'adinta ya ƙare ce ke tare saƙon rabo, gwada dakatar da ita na ɗan lokaci ka gani.

Ga dabarar gaggawa in lokaci ya ƙure: haɗa waya da laftof da kebul ɗin caji ka kunna “USB tethering”. Windows za ta ɗauki wayar a matsayin sabon katin sadarwa mai saitinsa daban, sau da yawa sai ka ga intanet ya zo nan take. Ka gama abin da ke gabanka, gyara ya biyo baya. In katin waifai ɗin ne ya mutu gaba ɗaya, ɗan ƙaramin na USB ya wadatar, ba sai an canza laftof ba. Masu Linux kuma, ip addr ne zai nuna muku adireshi, ip route ya nuna ƙofar fita, sauran bincike duk ɗaya ne.

Abin da ya shafi yankinmu

Yanayin wuta a wurinmu yana da hannu a wannan matsala. In aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, laftof tana kan batirinta, rauta kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo. A wannan tsakani kwamfuta takan yi nema ba amsa ta faɗa 169.254. Tana sake gwadawa da kanta duk bayan 'yan mintuna, amma ipconfig /renew ya fi sauri. Mai sola ko inbata ya ɗora rautar a kai, ba ta cin wuta sosai.

Zafin Afrilu da Mayu ma yana sa MiFi ya sandare, fitila a kunne amma ba ya amsa kowa. Kar a bar shi a taga cikin rana ko ƙarƙashin filo, kuma in batirinsa ya kumbura a daina amfani da shi. Da damina kuwa, mu mutanen ƙasar Haɗeja mun san yadda ruwa da danshi suke. Kebul ɗin da aka bari a ƙasa bakinsa yakan yi tsatsa, wanda aka ratsa da shi ta waje daga gini zuwa gini kuma tsawa tana iya bi ta cikinsa ta ƙona ramin kati. Da hadari ya haɗu a zare shi.

Gargaɗi ɗaya: ɗan ramin nan na “Reset” da ake tsokana da allura a bayan rauta, a bar shi sai an rasa yadda za a yi. Yana goge sunan waifai, kalmar sirri da duk saitin da aka yi. Kashewa da kunnawa daban, wannan daban.

Aikin gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan, tun intanet ɗinka yana aiki, rubuta ipconfig /all ka kwafe layukan nan huɗu a bayan littafinka, ka ƙara da “Lease Obtained” da “Lease Expires” don ka ga tsawon wa'adin da rautarku ke bayarwa. Sannan ka yi release, ka duba abin da ya canza, ka yi renew ka ga ko lambar da ta dawo ita ce ta farko. Ranar da abu ya tsaya, kana da abin da za ka kwatanta da shi. Kuma duk wanda furojet ɗinsa ke cikin laftof ɗaya tak, ya ajiye kwafi a filashi ko imel tun kafin wani ya ce masa sai fomatin.

Wanda ya gwada ya ga abin da bai gane ba, ya rubuto layukan huɗu a takarda ya ajiye a ofishin ƙungiyar ɗalibai, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Allah ya ba mu sa'ar karatu.